Itacen da Tanko Ya Kawo Daga Sham

Tanko ƙanin mijina ne. Ranar da aka kawo ni gidansu a Rigachikun yana ɗan shekara tara, ya leƙa cikin mayafina ya ce wa jama'a amaryar ba ta da kyau. Tun daga ranar nake rama wannan magana, shi ma bai fasa ba. Yayan nasa ya rasu shekara ashirin ke nan, amma in Tanko ya yi sallama a gidana a Kawo sai ya ce, "Ina matar nan tawa da ta ƙi mutuwa?" Ni kuma in ce masa sai na ga bayansa tukuna.

Soja ya yi, shekara talatin da biyar, har ya kai saje. Amma kada wani ya ɗauka ya taɓa harbin ko zomo. Kuku ne. Shinkafa da wake ya yi ta dafa wa maza a manyan tukwane, kuma duk inda aka tura bataliyarsu aikin raba faɗa, da shi da ludayinsa ake tafiya. Labanan ya fara zuwa yana saurayi, daga baya Laberiya da Saliyo, can kusa da ritaya kuma Darfur.

Abokansa in sun dawo rediyo suke kawowa, da agogo, da bargo. Tanko labarin itatuwa yake kawowa. Ka tambaye shi yadda yaƙi ya kasance, sai ya ce maka a Sudan ya ga kuka wadda aka rarake cikinta ana tara ruwan sama, kowace da gidan da suka gaje ta, da rani a zura guga ta sama kamar rijiya. Ya ce a Laberiya akwai itacen da ake tsagawa a wuya kowace safiya, a ɗaura masa ɗan kofi, yana ɗigar da farin ruwa, wai da shi ake yin tayar mota. A Saliyo kuma rimi ne a tsakiyar birni, motoci na zagaya shi, jemagu sun cika shi har ba ka jin maganar na kusa da kai. Na ce masa, "Kai da za ka ƙetare teku don ka ga rimi, ai da ka faɗa mini na kai ka bayan gidan kakarka." Sai ya yi dariya ya ci gaba, wai a duwatsun Labanan, inda ƙanƙara ke zuba, akwai wasu itatuwa masu rassa a shimfiɗe kamar tabarma bisa tabarma.

Da ya bar soja ya yi aikin lambu a gidan wani babban ma'aikaci a Unguwar Rimi, har gwiwa ta hana shi durƙuso. Matarsa ta rasu, 'ya'yan suka watse neman abinci. Ya zauna shi kaɗai a gidansa, layi ɗaya tsakaninmu.

Duk cikin itatuwan nan guda ɗaya ya kawo gida da ransa. Ɗan reshe ne ya saka a kwalbar ruwa ya ɓoye cikin jakar soja daga Labanan, ya ce Larabawa difla suke kiransa. A can ba ya tsayi sosai, amma Tanko ya yi ta datse masa rassan ƙasa shekara arba'in, har ya miƙe ya zama itace mai kaurin cinyar ƙato, da siraran ganye da jan fure. A tsakar gidansa yake, jikin katanga. Bai taɓa kiwon akuya ba. Ɗansa ya taɓa tsinkar furen ya sa a baki, Tanko ya yi masa dukan da sai da maƙwabta suka shigo. Duk mun ɗauka rowa ce da taurin kai irin na tsohon soja.

A watan Agustan bara ruwa ya kwana uku yana zuba, katangar Tanko ta faɗi. Itacen da ba mai ganinsa sai na gida ya koma a bakin hanya, kowa ya wuce sai ya tsaya kallon furen. Mata suka yi ta tambayata, ni kuma ba na iya cewa ban sani ba. Na ce musu daga Sham ya zo, ƙasar Annabawa, kuma itacen da ya sha ruwan can ba ya rasa albarka. A gidan suna na faɗa, na sake faɗa a gidan gaisuwa. Ba wanda ya gaya mini haka, ni na haɗa abina.

Ranar wata Talata, bakwai da rabi ta wuce, ina tsakar gida ina dama koko, Tanko ya shigo ba sallama. Ya buɗe tafin hannunsa. Gero ne a ciki, jiƙe da raɓa.

"Yaya Mairo, a gindin diflar na samu wannan."

Rabonsa da ce mini Yaya tun ranar jana'izar yayansa. Na ajiye ludayi.

Na san ma'anar geron. In za a ɗebi sassaƙe don magani irin na tsofaffi, da asuba ake zuwa, ba a yi wa kowa magana a hanya. A sassaƙi ɓawon ta gabas, a sassaƙa ta yamma, a zuba wa itacen ɗan hatsi a gindi, a juya ba waiwaye. Ba a tambayar mai itace, ba a kuma faɗa wa kowa, wai in an faɗa maganin ya karye. Shekara arba'in na yi ina unguwarzoma, ni kaina na aiki mutane irin wannan ɗiba ba adadi.

"To sai me?" na ce. "Sassaƙa aka yi, ba sara ba. Rowar taka ta kai har ɓawo?"

"Guba ne."

"Mene ne guba?"

"Itacen. Ganye, fure, ɓawo, saiwa, har hayaƙinsa in an ƙona. Zuciya yake tsayarwa. Wanda ya ɗiba kuwa bai ɗebi kaɗan ba."

Na dube shi.

"Shekara arba'in kana da guba a gida, ba ka taɓa buɗe baki ba?"

"In na faɗa, duk wanda ya mutu a layin nan ni za a kalla. Kuma sarewa za a sa ni in yi."

"Yanzu ai ka huta."

Na so in ƙara masa, amma babu lokaci. Mai sassaƙe in jiƙawa zai yi, muna da yini. In dafawa zai yi da jar kanwa, ruwan na hucewa zai sha. Ba mu san wane ne ba, kuma ko waye ba zai amsa ba.

Na yafa gyale muka je gindin itacen. Sara biyu ne, farare, suna tsatso wani ruwa mai danƙo. Nan da nan zuciyata ta ba ni Amina matar tela, wadda ta shekara bakwai da aure ba haihuwa, ta kuma tambaye ni maganar itacen har sau biyu. Na faɗa gidanta kai tsaye na ce ta fito da abin da ta ɗebo. Yarinyar ta rantse, na ce rantsuwa ba ta dame ni ba, na buɗe mata tukwane ɗaya bayan ɗaya a gaban uwar mijinta. Ruwan zafi ne da ɗumamen tuwo. Na bar ta tana kuka, na kuma ɓata mana rabin awa.

Da na fito na ce wa Tanko, "Gida-gida ba zai yi ba. Masallaci za mu, a faɗa a lasifika."

Ya tsaya cak. "Duk unguwa za ta ji."

"Don ta ji za a faɗa. Ko ka fi so ta ji a wajen wankan gawa?"

Ya wuce gaba, na bi shi.

Ladanin masallacinmu Zakari ne, mutum mai kimanin shekara arba'in, yana da shagon turare da littattafai jikin masallacin. Shi ne wanda in ya ga laya a wuyan jariri sai ya tsaya ya yi wa uwar wa'azi a kan titi. Muka same shi yana share ƙofar shago. Tanko ya faɗa masa komai a tsaye, ya ce a kunna lasifika.

"Babu wuta, Baba Saje."

"Da me ka kira asuba?"

"Batir ne, kuma ya yi sanyi. Sannan irin wannan sanarwa sai an tambayi liman."

"Kira shi."

Zakari ya ciro waya, ya riƙe ta bai danna komai ba. Ya ce, "Amma Baba, gubar nan, in ɗan kaɗan mutum ya sha, kamar rabin kofi, ai ba zai yi masa komai ba ko?"

Ba wanda ya yi maganar kofi. Na matsa kusa da shi.

"Zakari, ni na yanke maka cibiya. Dube ni nan. Wa ka kai wa?"

"Inna Mairo, mu koma gefe."

"Babu gefe. Wa ka kai wa?"

Tsintsiyar ta faɗi daga hannunsa. "Umma ce."

Uwani ke nan, uwarsa, ƙawata tun muna ɗaukar tallar gyaɗa. Tana zaune a Katabu wajen 'yarta Nafisa. Ciwon suga gare ta, da gyambo a babban yatsan ƙafa da ya ƙi warkewa, har likita ya fara maganar cire yatsan. Sati biyu kafin nan na je duba ta, kuma ni da bakina na ba ta labarin itacen Sham.

Zakari ya ce, "Na gaya mata camfi ne. Ta ce in ban ɗebo mata yadda ake ɗebowa ba, kada in ƙara taka inda take. Bayan sallar asuba na ba wani direba a tasha ya kai mata."

"Jiƙawa ta ce za ta yi ko dafawa?"

"Dafawa."

Ya kira wayar Nafisa, a kashe. Ya sake kira, a kashe. Ya kira mijinta, ya ce yana Zariya tun jiya, kuma kwana uku ba su da wuta a gida. Ƙarfe tara ta gota. Tanko ya koma da sauri ya tsinko ganye da fure ya ƙulle a leda, muka tare motar haya muka yi shatarta.

Daga Kawo zuwa Katabu ba nisa ba ne in hanya ta yi kyau. Ranar kuwa wata tirela ta lalace a tsakiyar titi daf da Rigachikun, motoci sun yi layi. Zakari na gaba yana ta danna waya yana salati. Ni da Tanko muna baya. Direba ya ce sai haƙuri. Na ce masa in ya iya haƙuri da gawa a motarsa ya ci gaba da zama. Ya sauka gefen titi ya bi ta cikin taɓo, masu shaguna na zaginsa.

Ba tambayarsa na yi ba, Tanko ya fara magana yana kallon waje. Ya ce a wani ƙauye ne a kudancin Labanan, ya karyo reshen itacen zai juya miya da shi, wata tsohuwa ta buge masa hannu har reshen ya faɗi. Ta nuna masa awakinta, sun cinye komai a kwarin sun bar shi shi kaɗai. Ya ce watan da aka fi yi musu ruwan wuta, duk abin da ke kwarin ya ƙone ko ya bushe, wannan kuwa fure yake ta yi, shi yake kallo kowace safiya in ya fito hura wuta.

"Sai ka ga ya dace ka kawo mana tsaraba," na ce.

Ya ci gaba da kallon waje.

Mun sami Uwani a tsakar gida kan tabarma, ƙafar a naɗe da tsumma. Ga tukunya a kan murhun gawayi, ga kofin silba a gefenta. Nafisa ta tafi ɗebo ruwa. Da ta ga ɗanta, ta ga Tanko, ta gan ni, sai ta ɗaure fuska.

"Ka faɗa ke nan. Ka karya mini magani, Zakari."

"Umma, kin sha?"

"Ina ruwanka?"

Na ɗauki kofin. Babu komai a ciki sai ɗan jan ruwa a ƙasa. "Uwani, sau nawa?"

"Ɗaya. Na biyun nake jira ya huce. Ke Mairo, ban taɓa jin ɗaci irin wannan ba, maɗaci bai kama ƙafarsa ba. Har na yi amai sau biyu. Ciwon ne ke fita."

"Ba ciwo ba ne ke fita. Guba kika sha. Tashi mu tafi asibiti."

"Asibiti? Su yanke mini ƙafa? Dama abin da kuka haɗo ke nan." Ta juya wajen Tanko. "Kai kuma Saje, don ɗan ɓawo ka biyo ni har Katabu? Allah ya sawwaƙe maka rowa."

Tanko ya sauke tukunyar daga wuta ya ajiye ta bayansa. Na durƙusa na kama wuyan hannunta. Na daɗe ina kama hannun mata, na san yadda jijiya ke bugawa ko a wajen wadda jini ya ƙare mata. Wannan daban ne. Ya buga, ya tsaya har in ɗauka ya tafi, sannan ya sake bugawa. Goshinta ya jiƙe da gumi mai sanyi.

Ta ce, "Wai hadari ne ya taso? Na ga komai ya yi ruwan ɗorawa."

Rana tsaka ce, sama fes. Na dubi Tanko, ya ce gubar ce ta fara taɓa mata gani.

Zakari ya sunkuya zai ɗauke ta, ta ture shi ta riƙe turmin da ke kusa da ita. Ta ce ai itacen ƙasar Annabawa ba ya cutar da Musulmi, kuma Mairo ce ta faɗa mata, Mairo kuwa ba ta taɓa ba ta maganin banza ba.

Na zauna a ƙasa sosai, yadda idona zai daidaita da nata.

"Uwani, ƙarya na yi miki. Ban san komai a kan itacen nan ba. Don a ce na sani na faɗa. Awakin can ƙasar ma ba sa cin sa. In kika mutu yau ni na kashe ki, da hannun ɗanki. Ki dube shi."

Ta dube shi. Ƙaton mutum da gemu yana tsaye yana hawaye.

"Ba za a taɓa ƙafata ba?"

"Yau dai ba wanda zai taɓa ta. Ina tsaye a kanki."

Ta saki turmin. Kafin mu kai mota amai ya sake zuwa, kanta ya langaɓe a kafaɗar Zakari. Wata maƙwabciya ta rugo da manja a kwano wai a ɗura mata, Tanko ya tare ta ya ce ba abin da za a ƙara sa mata a baki. Ya juye ruwan tukunyar a masai, ya kwashe ɓawon ya haɗa da ganyen da ke leda.

A hanyar dawowa hannunta na cikin nawa, ina ƙirga bugun ina kiran sunanta. In ta yi shiru in tsungule ta. Sau ɗaya ta buɗe ido ta ce in daina, na ce ba zan daina ba.

Likitar da ta karɓe mu yarinya ce, ba ta kai jikata ta fari ba. Ta tambayi abin da aka sha. Zakari ya ce sassaƙe, ta ce na wane itace, don sassaƙe iri dubu ne. Tanko ya kwance ledar a kan tebur, ya faɗi sunan na Larabci, ya faɗi na Turanci, ya karɓi biro ya rubuta mata. Tana ganin ganyen ta daina tambaya. Ta kira ma'aikata biyu, aka tura gadon ciki, aka manna wa Uwani wayoyi a ƙirji.

Ni kaɗai suka bari na tsaya daga bakin ƙofa, don na ce na yi alkawari kuma ba mai fitar da ni. Akwai wata na'ura da ke ƙara duk sanda zuciyar ta buga. Tsakanin ƙara da ƙara nakan ja numfashi in riƙe. Aka yi mata allura, aka sa ruwa, aka ƙara wata allurar. Wajen azahar likitar ta fito ta ce ba ta da abin faɗa tukuna. Tanko na zaune a benci, ya ƙi ruwa ya ƙi abinci. Sai bayan la'asar ƙarar ta fara zuwa a jere, likitar ta dube ni ta ɗaga kai. Ta ce da an sha kofi na biyu, da wata maganar ake yi.

Kwana huɗu Uwani ta yi a asibiti. Washegarin ranar farko, bayan sallar azahar, Tanko ya karɓi lasifikar masallaci da kansa ya faɗi abin da ke gidansa da shekarun da ya yi yana ɓoyewa. Bai ambaci sunan kowa ba. Zakari ne ya miƙe ya ce shi ya ɗiba. Daga nan Tanko ya ɗauki gatari. Samari suka zo taya shi, ya ce su tsaya nesa. Mata suka aiko a ba su itacen girki, ya kore 'yan aiken. Yini biyu ya yi yana sara yana hutawa saboda gwiwa, ya tono saiwar, ya sa aka haƙa rami mai zurfi a bayan gida, ya binne komai har ganyen da ya zube.

Na je na ba Amina matar tela haƙuri a gaban uwar mijinta, tunda a gabanta na ci mata mutunci. Ta ce ba komai, amma ta daina gaishe ni da Inna, sai Hajiya.

Yatsan Uwani kuwa sai da aka cire shi bayan wata biyu, ƙafar ta tsira, tana takawa da sanda. Nakan je Katabu duba ta. Tana karɓata, tana sa Nafisa ta dama mini fura. Amma har yau, in hira ta yi nisa, sai ta nuna mini gurbin yatsan ta ce da mun bar ta ta shanye tukunyar nan da yana nan.